Dodannin Gidajen Gem A Suleja: Addu'a Ke Korarsu Ko Bindiga?

Duk wanda ya zaga unguwannin Suleja da maraice, tun daga Kwamba har zuwa Madalla, da wuya ya rasa cin karo da wani ɗan shago da aka jera akwatunan talabijin biyu ko uku a ciki, ga benci, ga janareta yana ruri a bakin ƙofa, yara sun yi cincirindo har waje. Wannan shi ne gidan gem. Galibin abin da ake bugawa a ciki ƙwallon ƙafa ne, sai dambe da tseren mota, ana yi ana sowa. Amma akwai wani irin wasa wanda in an kunna shi sai shagon ya yi tsit, mai bugawa ya duƙa gaba, masu kallo su matso kusa da juna. Shi ne wasan ban tsoro. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba kuwa shi ne, kusan duk wasan da ke cikin wannan sahu cike yake da coci, da gicciye, da masu wa'azi, da maganar tashin matattu.

A ɗauki Resident Evil 4, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a 2005, kuma yana cikin waɗanda suka daɗe suna yawo a injunan PlayStation 2 a ƙasar nan. Mai wasa yana sarrafa wani jami'i mai suna Leon Kennedy, wanda aka aika wani ƙauye a ƙasar Sifen ya kuɓutar da 'yar shugaban Amurka da aka sace. Da shigarsa ƙauyen sai mutanen garin su yi masa ca, da gatari, da lauje, da cebur mai yatsu. Ana cikin haka, harsashi ya kusa ƙarewa, sai ƙararrawar coci ta kaɗa. Nan take kowa ya yar da makaminsa, su juya su nufi wajen ƙararrawar a hankali kamar waɗanda aka kira sujada, su bar baƙon shi kaɗai a tsakiyar gari. Can gaba kuma sai ga wasu masu dogayen riguna irin na sufayen coci suna gunguni kamar masu addu'a, da shugabansu Saddler, wanda suke ɗauka tamkar annabi.

Duk mai kallo zai rantse aljanu ne suka shiga mutanen nan. To, amma labarin bai ce haka ba. Ashe wata irin tsutsa ce da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa, aka raya ta a ɗakin gwaje-gwaje, ake cusa ta a jikin mutum ta kama lakarsa, ya zama bawan wanda ke riƙe da uwar tsutsotsin. Sa'ad da ita tsutsar ta shiga jikin Leon da yarinyar, ba fada aka kira ba, ba a kuwa karanta ko aya guda ba. Wata na'ura suka hau, ta haska musu wani haske ta ƙone tsutsar. Shi kuwa Saddler, da makamin roka aka gama da shi.

Wannan shi ne ƙirar yawancin wasannin. Rigar ta coci ce, amma in aka yaye ta sai a tarar da likita ko masanin kimiyya a ciki. A Doom, wanda wani ƙaramin kamfani na jihar Teksas ya fitar a watan Disamba na 1993, masana ne ke gwajin wata ƙofa ta tura kaya daga wuri zuwa wuri a watannin da ke kewaya tauraron Mirrihi, sai suka ɓalle ƙofar Jahannama ba su sani ba. A Dead Space na 2008 akwai wata ɗariƙa mai kiran kanta coci, tana bauta wa wani dogon dutse mai rubutu a jiki, tana wa'azin cewa mutuwa ce hanyar haɗuwar 'yan Adam su zama abu guda. Daga baya sai a gane dutsen da ake ta kashe juna a kansa ƙirar masanan gwamnati ne, sun kwaikwayo shi daga wani da aka tsinta. A Resident Evil Village na 2021 kuwa, matar da mutanen ƙauye ke durƙusa wa suna kiranta Uwa Miranda, masaniyar halittu ce da 'yarta ta mutu a annobar murar nan ta bayan yaƙin duniya na farko, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa. Ta sami wata irin fumfuna a cikin kogo, ta shafe shekaru wajen ɗari tana gwada ta a jikin mabiyanta don ta dawo da 'yar.

Wanda ya fi kowa zurfafawa a wannan hanya shi ne Outlast 2, na wani kamfani a ƙasar Kanada, wanda ya fito a 2017. Wani mai ɗaukar hoto da matarsa 'yar jarida suka faɗa hannun wani mai wa'azi, Sullivan Knoth, wanda ya janye jama'arsa zuwa cikin hamadar Arizona, ya rubuta musu nasa littafin, ya ce ƙarshen duniya ya zo, har ya sa su yanka jariransu don kada magabcin Almasihu ya fito daga cikinsu. Mai wasa ba shi da makami, sai gudu da ɓuya. Amma wanda ya bi takardun da ke warwatse a cikin wasan da kyau zai gane cewa wani kamfani ne ya kafa dogon ƙarfe a bayan tsauni yana watsa wani irin sigina mai rikita ƙwaƙwalwa, shi ke sa mutanen gane-gane. Watau ko wahayin ma na'ura ce ta saukar da shi.

Me ya sa sai addinin Kirista? Dalili na farko a fili yake: kasuwar wasannin tana Amurka da Turai, kuma abin da mutum ya tashi yana girmamawa shi ya fi tayar masa da tsikar jiki in ya gan shi a juye. Na biyu kuwa ya fi ban mamaki. Da yawa daga cikin mashahuran wasannin nan a Japan aka yi su, ƙasar da Kiristocinta ba su wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Ga mai zane a birnin Osaka ko Tokyo, gicciye da ƙararrawa da tagogi masu launi kayan baƙi ne masu kwarjini, waɗanda ya fi saninsu a finafinan Amurka, kamar dai yadda mai shirya fim a Kano zai ari rawa da waƙa daga Indiya ba don ya san abin da suke nufi a can ba. Sa'an nan shi kansa addinin yana da kalmomin da mai son tsoratarwa ke nema: jini, da hadaya, da jiki, da kabarin da aka tarar babu kowa, da ranar shari'a. Gawar da ke tashi tana tafiya ba rai ba hankali, ai alkawarin tashin matattu ne aka kifar da shi. Dabarar ma ta girmi injin gem nesa ba kusa ba, domin tun 1818 wata Baturiyar Ingila, Mary Shelley, ta rubuta labarin Frankenstein, ɗalibin kimiyya da ya harhaɗa gaɓoɓin matattu ya hura musu rai, abin ya zame masa bala'i.

Su Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan al'amari. Akwai masu ganin cewa bai kamata mai bi ya zauna yana nishaɗi da siffar aljanu ba ko da wasa, domin abin da ido ya saba da shi zuciya takan saba da shi. Akwai kuma masu cewa labarin da ya nuna mugunta a matsayin mugunta bai saɓa wa bangaskiya ba, tun da Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye ta ba. A Bisharar Markus, sura ta 5, akwai labarin mutumin da ke zaune a makabarta, wanda sarƙa ba ta iya riƙe shi, har Yesu ya fitar da aljanun da ke jikinsa suka shiga garken aladu wajen 2,000. Sandy Petersen, wanda ya zana yawancin matakan Doom, mutum ne mai riƙo da addini, ɗan ɗariƙar Mormon, kuma amsar da ya ba abokan aikinsa ita ce bai ga abin damuwa ba, tun da aljanun su ne miyagun da ake yaƙa.

Masu wannan ra'ayi na biyu suna da wata hujja mai ƙarfi. Saddler da Knoth da Miranda ba fastoci ba ne, annabawan ƙarya ne, irin waɗanda Bisharar Matta ta yi kashedi a kansu a sura ta 7 da ta 24. Ba kuwa tatsuniya ba ce. Waɗanda suka yi Outlast 2 sun ce sun ɗauko tunaninsa daga abin da ya faru a Jonestown, ƙasar Guyana, ran 18 ga Nuwamba 1978, inda mabiyan Jim Jones fiye da 900 suka mutu a rana ɗaya, yawancinsu da guba. A watan Maris na 2000, a Kanungu ta ƙasar Yuganda, ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya mai wa'azin ƙarshen duniya suka ƙone a cikin majami'arsu da aka toshe ƙofofinta. Mai karatu Musulmi kuma ba ya bukatar a kai shi nesa: rikicin Maitatsine na Disamba 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano. Tsoron shugaban da ya mallake hankalin mabiyansa ba na addini ɗaya ba ne.

Inda wasannin suka zarce gona da iri shi ne inda suke nuna kamar mai addini da mai kimiyya ba sa ga maciji, ɗaya jahili mai tsafi, ɗaya mai ilmi marar imani. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idar gadon halitta ta hanyar shuka wake ya buga sakamakonsa a 1866, sufi ne a gidan ibada na Katolika. Duk maganar sauya ƙwayar halitta da Resident Evil ke tsorata yara da ita, daga lambunsa ta faro. Georges Lemaître, wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, fada ne ɗan ƙasar Beljiyam. Har ila yau, ko a sha'anin fitar da aljanu, ɗariƙar Katolika ba ta yarda kowa ya tashi ya yi ba sai fadan da bishop ya ba izini musamman, kuma sabon tsarin da fadar Paparoma ta fitar a 1999 ya umarci fadan ya tabbatar ba ciwon taɓin hankali ba ne, ya nemi shawarar likitoci in da bukata. Shahararren fim ɗin nan The Exorcist na 1973, wanda masu wasanni da yawa suka sha daga gare shi, a nan ya fi su adalci: sai da likitoci suka gama duk gwajinsu kafin a je wajen fada, shi kuma fadan likitan ƙwaƙwalwa ne, ya fi kowa shakka.

Yaron Suleja dai ba da kai fanko yake zuwa gidan gem ba. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya ba sabon babban birnin ƙasa sunansa a 1976 ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, yana zaune ne a inuwar abin tsoro mafi shahara a Nijeriya. Dutsen Zuma, wanda ya tashi wajen mita 300 daga gindinsa, aka kuma sa hotonsa a bayan takardar Naira 100 ta 1999, yana da wata siffa a jikinsa mai kama da fuskar mutum, ido biyu da hanci da baki. A da can kurmi ne ya kewaye shi, da ƙauyen masu tsaronsa, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin kutsawa ba. Ko a zamanin nan, da wani babban ginin otal da aka fara kusa da shi ya tsaya shekara da shekaru ba a gama ba, bayanin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne iskokin dutsen ne suka hana.

Masana duwatsu suna da nasu bayanin. Zuma narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tun fil azal, ruwa da iska suka cinye ƙasar da ke kewaye da shi suka bar shi tsaye, fuskar kuwa zaizayewa ce da tabon ruwan sama. Masana ƙwaƙwalwa suka ƙara da cewa an halicci ɗan Adam da saurin gano fuska, har yakan gan ta a inda babu ita, a gajimare, a jikin bango, a gaban mota. Haka nan dannau, wanda kowane Bahaushe ya san labarinsa: likitoci sun ce mutum ne ke farkawa alhali jikinsa bai gama fita daga shanyewar da yake yi a lokacin mafarki ba, sai ya ji an danne shi, ya ga inuwa a ɗaki. To, duk wannan bayani bai hana direba ya yi shiru ba in ya zo wucewa ta gindin Zuma da tsakar dare, bai kuwa hana wanda dannau ya kama ya tashi yana addu'a ba. Masu ƙera wasanni sun san haka sarai. Sun san zuciya takan buga, tafin hannu ya jiƙe, tun kafin hankali ya gama tantance abin da ido ya gani. Shi ya sa suke rage haske, su ƙaranta harsashi, su sa ƙarar taku a bayan mutum. Bayanin tsutsa da sigina sai can ƙarshe yake zuwa, bayan tsoro ya riga ya ci kasuwarsa.

Bambancin da ya fi girma yana tsakanin wasannin da finafinan da iyayen yaran nan suka kalla. A Living in Bondage na 1992, fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe kasuwar bidiyo ta Kudu, Andy ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace yana tsince-tsince a bola. Abin da ya warkar da shi coci ne, da furta laifinsa, da addu'a. A Agbara Nla, na ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, masu bishara ne suka kara da bokan ƙauye, ikon Allah ya rinjayi na tsafi. A finafinan Hausa ma haka abin yake, sai dai malami ne ke zuwa da ruƙiyya. A duk waɗannan, aljani aljani ne, laifi na mutum ne, magani kuma daga sama yake zuwa. A gidan gem kuwa aljani ƙwayar cuta ce, laifi na kamfani ne, magani kuma yana wajen ɗan kasuwar da ke sayar da bindiga mafi tsada. Yaro yakan kalli fim ɗin da iyayensa a falo, ana yi ana yi masa bayani. Wasan kuwa shi da tsaransa ne, kuma ba kallo kawai yake yi ba, shi ke harbin.

Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. A Silent Hill na 1999, na kamfanin Konami, abin da ƙungiyar asirin garin ta kira ya zo da gaske, likitan asibitin garin kuwa abokin cin mushensu ne, yana sayar musu da ƙwaya. A Castlevania, tun 1986, gicciye da ruwa mai tsarki suna kashe dodanni, amma jifa ake yi da su kamar gurneti, ba ruwan kowa da ko mai jifan ya yi imani. Wanda ya ɗauki bangaskiya da muhimmanci sosai ƙaramin wasa ne mai suna Faith, wanda kashinsa na farko ya fito a 2017, aka kammala shi a 2022. Zanensa kamar na injunan farkon shekarun 1980 yake, 'yan layuka a kan baƙin allo. Wani matashin fada ne, John Ward, ya koma gidan da aikin fitar da aljani ya lalace a hannunsa shekara guda da ta wuce, bayan ya yi jinya a asibitin masu taɓin hankali. Kusan ba shi da komai sai gicciyen da yake ɗagawa, kuma tambayar da ke cinsa ita ce ko abin da ya gani gaskiya ne ko ciwo, ko kuma Allah yana tare da shi har yanzu. Mutane da yawa da suka buga shi sun ce ya fi masu kyakkyawan hoto ban tsoro. Akwai kuma The Binding of Isaac na 2011, wanda ya ari labarin Ibrahim da ɗansa daga Littafin Farawa, sura ta 22, ya mai da shi labarin uwar da ta ji murya ta ɗauki wuƙa ta bi ɗanta. Mai shi, Edmund McMillen, ya tashi a dangin Katolika da masu sabuwar haihuwa, kuma abin da ya gani a gida ya zuba a ciki. Kamfanin Nintendo ya ƙi karɓarsa a 2012 saboda batun addinin, ko da yake ya sassauta daga baya.

An sha yin rigima a kan irin wannan aro. A 2007 Cocin Ingila ya yi tir da kamfanin Sony saboda wasan Resistance: Fall of Man, inda aka zana cikin babbar majami'ar Manchesta aka mai da ita fagen harbe-harbe, a birnin da ke fama da kashe-kashen matasa da bindiga. Sony ya nemi gafara, amma bai janye wasan ba. Musulmi ma abin ya taɓa su. A 2008 an jinkirta fitar da LittleBigPlanet aka kwaso wanda ya riga ya isa kantuna, saboda wata waƙar makaɗin nan na ƙasar Mali, Toumani Diabaté, mai ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. A Nuwamba 2021 kuma masu Call of Duty: Vanguard suka nemi gafara bayan an ga shafukan Alƙur'ani a yashe a ƙasa, a sashen wasan da ake yaƙar gawarwaki.

In har mutanen Manchesta sun ji zafi, to, ina ga Suleja? A shekara ɗaya tak, 2011, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu, ya tashi a wani coci a watan Yuli, sa'an nan ran 25 ga Disamba ya tashi a ƙofar cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga sujadar Kirsimeti, ya kashe mutum fiye da 30. A Disamba 2013 kotun tarayya ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai. Samarin da ke riƙe da gidajen gem a yau yara ne a lokacin, wasu sun ji ƙarar da kunnensu. Cocin da jini ya ɓata bencinansa ado ne ga mai zane a Kanada. A Madalla akwai gidajen da ba za a kunna wannan hoton a gabansu ba.

Ta ɓangaren kimiyyar ma akwai tabon da bai gama warkewa ba. Resident Evil 5, na 2009, an kafa labarinsa a wata ƙasar ƙage ta Afirka ta Yamma mai suna Kijuju, inda wani kamfanin magani ke gwada makamin ƙwayar cuta a kan talakawan gari. Waɗanda cutar ta kama ana kiransu Majini, kalmar Suwahili mai tushe ɗaya da aljannu, ko da yake Suwahili harshen Gabas ne, abin da ya nuna iyakar sanin da masu wasan suka yi wa nahiyar. An soki wasan ƙwarai a Amurka saboda hoton Bature yana harbe tarin baƙar fata. Amma ɗan Arewa zai tuna wani abu dabam. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, inda 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya daidaita da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan labari yana cikin abin da ya ƙara wa jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wasan da ke nanata wa yaro cewa bayan kowace allura akwai makirci, a irin wannan ƙasa yake sauka. Wannan ya fi batun aljanun zama abin dubawa, amma da wuya a ji wani mai wa'azi ya tabo shi.

Ƙasashen da ke ƙera wasannin sun daɗe da sa musu alama. Bayan da majalisar dattawan Amurka ta zauna a 1993 a kan jinin da ke cikin Mortal Kombat, kamfanonin suka kafa hukumar tantancewa a 1994, wadda ke buga harafi a jikin kwalin kowane wasa. Harafin M yana nufin daga shekara 17 zuwa sama. Turai ta bi sahu a 2003 da nata tsarin mai lamba, inda 18 ke nufin manya zalla. Resident Evil 4 da 5, da Dead Space, da Outlast 2, duk harafin M ne a jikinsu, kuma hukumar Ostareliya ma da farko ƙin ba Outlast 2 izini ta yi. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, ko da yake ta ce kaɗan ne daga masu bugawa abin ke kai su ga haka.

Sai dai alamar a jikin kwali take, kwalin kuwa ba ya zuwa gidan gem. Injunan da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan yawanci na hannu ne, an buɗe su an yi musu dabara, mai gyara ya loda wasanni goma ko ashirin a cikinsu gaba ɗaya, na ƙwallo da na dodanni a jere. Yaro mai shekara tara zai biya kuɗinsa daidai da saurayi mai shekara ashirin, ya zaɓi wanda ya ga dama daga jerin sunayen da ke kan allo, mai shago kuwa agogo yake dubawa, da man da ya rage a janareta.